Jagorar Bayar da Jini: Wa Ya Cancanta, Yaya Ake Yi, Kuma Jinin Wa Ya Dace da Na Wa

Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Wani ya ce an kwantar da ƙaninsa ana neman jini leda biyu, shi B+ ne, ƙanin kuma O+, zai yiwu? Wata ta ce ita AS ce, an faɗa mata ba a karɓar jinin irinsu. Wani kuma tsoronsa kada a ɗibi jininsa ƙarfinsa ya tafi ya bar shi. Shi ya sa na ga gara in zauna in jero abin daki-daki, tun daga gida har zuwa gefen gadon mara lafiya.

Abu biyu nake so ka riƙe kafin mu shiga. Na farko, duk wata doka da za ka gani a nan mutum biyu take karewa, kai mai bayarwa da wanda za a ƙara wa. Na biyu, jinin da zai ceci mai haihuwar da jini ya ɓalle mata cikin daren nan, tun kwanakin baya wani ya bayar da shi, aka gwada, aka ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya je da ƙafarsa yana ƙalau, babu wanda ke kwance yana jiransa, shi ne ainihin wanda ma'ajiyar jini ta dogara da shi.

Alƙaluman da zan kawo galibi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Ƙasashe sukan ɗan bambanta, don haka maganar cibiyar da ka je ita ce ta ƙarshe.

Mataki na 1: Auna kanka kafin ka bar gida

Shekaru daga 18 zuwa 65. Wasu ƙasashe na karɓar ɗan 16 ko 17 da izinin iyaye, wasu kuma na barin wanda ya saba bayarwa ya ci gaba bayan 65 idan lafiyarsa ƙalau.

Nauyi aƙalla kilo 50. Dalili shi ne leda ɗaya kusan mililita 450 ce, babban mutum kuwa yana ɗauke da jini kamar lita 5, don haka abin da ake ɗiba bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ga mai ƙaramin jiki wannan adadin ya yi yawa. Akwai wuraren da ke karɓar mai kilo 45, amma leda mai mililita 350 suke ɗiba.

Sai lafiyar ranar. Mura, tari, ciwon maƙogwaro, gudawa, zazzaɓi, kowanne ya isa ya sa ka zauna gida sai ka warke sarai.

Sai kuma tazara, idan ka taɓa bayarwa: mako 12 ga namiji, mako 16 ga mace. A Amurka kwana 56 ne mafi ƙaranci.

Hattara: kada ka ɓoye ranar da ka bayar na ƙarshe, ko ka canza cibiya don a karɓe ka da wuri. Kowace leda tana tafiya da sinadarin ƙarfe wajen miligiram 200 zuwa 250, kuma jiki ba ya mayar da shi cikin 'yan makonni. Wanda ke yin haka yana iya jin kansa garau a yau, bayan wata biyu ya tarar hawa bene kaɗai yana sa shi haki.

Mataki na 2: Duba ko kana cikin waɗanda za a ce su dawo

Yawancin waɗanda ake mayarwa gida na ɗan lokaci ne, kuma ba abin kunya ba ne. Mai ciki ba ta bayarwa. Bayan haihuwa ko ɓari a jira wata 6 zuwa 9, kuma ba a so mai shayarwa ta bayar sai yaro ya koma dogaro da abinci. Jinin al'ada shi kaɗai ba ya hanawa, muddin gwajin ranar ya nuna jinin ya isa. Wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ya jira mako ɗaya zuwa biyu bayan ya gama. Wankin haƙori ko ciko, awa 24; cire haƙori, aƙalla mako guda. Allurar rigakafi mai ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, irin ta ƙyanda da ta shawara, mako huɗu. Zanen tatu, huda kunne ko hanci, ko duk abin da ya tsaga fata da kayan da ba ka da tabbacin tsaftarsu, wata 3 zuwa 6. Babbar tiyata, wata 6 zuwa 12. Wanda aka taɓa ƙara wa jini, sau da yawa shekara guda.

Zazzaɓin cizon sauro yana bin jini ya kama wanda aka ƙara wa. Tsawon jiran ya bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka faɗi ranar da ka yi shi da maganin da ka sha, su yanke hukunci.

Mai hawan jini da ke shan magani kuma awonsa ya daidaita yana bayarwa. Haka mai ciwon suga da ke riƙe shi da tsarin abinci ko ƙwayoyi. Mai allurar insulin ne wurare da yawa ba sa karɓa. Magungunan da ke tsinka jini irin su wafarin suna hanawa, haka wasu magungunan ƙurajen fuska da na kumburin mafitsarar maza da ke iya cutar da ɗan tayi idan jinin ya je jikin mai ciki.

Hattara: kada ka daina shan maganin da likita ya ɗora ka a kai don kawai a karɓi jininka. Ka tafi da kwalin ko ka rubuta sunan a takarda ka nuna musu.

Akwai kuma waɗanda ba sa bayarwa kwata-kwata: mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ko da magani ya danne ta har gwaji ba ya ganin ta, mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, wanda ya taɓa yi wa kansa allurar miyagun ƙwayoyi, a dokar yawancin ƙasashe, mai sankarar jini, mai ciwon zuciya mai tsanani, da mai sikila, wato SS. Shi kuwa AS yana bayarwa a yawancin wurare idan jininsa ya isa. Abin da ake yi shi ne a kauce wa ba da jininsa ga jarirai sabbin haihuwa da masu sikila, don haka ka sanar da su.

Mataki na 3: San rukunin jininka, ka san abin da yake nufi

Nan ne ruɗani ya fi yawa, don haka zan ɗan daɗe.

Da farko a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. AA, AS, SS, AC, wannan jinotayif ne, yana magana ne a kan irin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. A, B, AB, O kuwa rukunin jini ne, yana magana a kan abin da ke bayan ƙwayoyin. Babu ruwan ɗaya da ɗaya. Mutum yana iya zama AA kuma rukuninsa B, ko AS kuma rukuninsa O. Idan aka tambaye ka rukuninka ka ce "AA", ba ka amsa tambayar ba.

Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da wasu alamomi a jikinsu. Mai alamar A shi ne rukunin A, mai alamar B rukunin B, mai duka biyun AB, wanda ba shi da ko ɗaya shi ne O. A cikin ruwan jinin kowa kuma akwai garkuwa da ke yaƙar alamar da ba shi da ita. Ɗan rukunin A yana da garkuwar yaƙar B, ɗan B yana da ta yaƙar A, ɗan O yana da duka biyun, ɗan AB ba shi da ko ɗaya. Wannan garkuwar tana nan a shirye tun mutum yana jariri, ba sai an taɓa ƙara masa jini ba. Shi ya sa idan aka ɗura wa ɗan O jinin A, nan take jikinsa zai fara farfasa ƙwayoyin a cikin jijiya, ƙoda ta iya tsayawa, mutum ya iya rasa ransa, kuma ba sai ledar ta ƙare ba.

Sai alama ta uku, Rh, wadda ake kira D. Mai ita shi ne fozitif, wato +, marar ita negetif, wato −. Dokar a nan gajera ce: negetif yana ba fozitif, fozitif ba ya ba negetif.

Idan ka haɗa biyun, ga yadda jajayen ƙwayoyi ke tafiya:

O− yana ba kowa, amma O− kaɗai yake karɓa.
O+ yana ba O+, A+, B+ da AB+. Yana karɓar O+ da O−.
A− yana ba A−, A+, AB− da AB+. Yana karɓar A− da O−.
A+ yana ba A+ da AB+. Yana karɓar A+, A−, O+ da O−.
B− yana ba B−, B+, AB− da AB+; yana karɓar B− da O−.
B+ yana ba B+ da AB+. Yana karɓar B+, B−, O+ da O−.
AB− yana ba AB− da AB+. Yana karɓar AB−, A−, B− da O−.
AB+ yana ba AB+ kaɗai, amma yana karɓar na kowa.

To mai tambayar farko, B+ ba ya ba O+. Amma ka karanta mataki na gaba kafin ka koma gida.

Hattara, kuskure na ɗaya: "Ni O ne, ina ba kowa." O+ ba ya ba duk wani negetif. O− ne mai ba kowa, kuma shi ne mai wuyar samu. Masu negetif kusan kashi 15 cikin 100 ne a tsakanin Turawa, sun fi haka ƙaranci a Afirka, a gabashin Asiya kuwa ba su kai kashi 1 ba. Saboda ƙarancinsa, idan gaggawa ta taso likitoci kan ba maza da matan da suka wuce haihuwa O+, su tanadi O− don 'yan mata da mata masu haihuwa.

Kuskure na biyu: ɗauka cewa jerin nan ya shafi kowane ɓangaren jini. A wajen ruwan jini, wato filasma, abin juyewa yake yi. AB ne mai ba kowa filasma tunda ba shi da garkuwar yaƙar kowa, filasmar O kuwa sai O. Wannan yana da amfani a sani domin a asibitocin da ake ƙara jini ɗungurungum ba tare da an rarraba shi ba, jinin O yana tafiya da garkuwarsa, don haka an fi so a ba mutum rukuninsa sak idan akwai.

Kuskure na uku: dogaro da abin da ka tuna, ko wani tsohon kati. Kowace leda sai an sake gwada rukuninta, haka ma mara lafiya. Kuma ko rukuni ya zo ɗaya aiki bai ƙare ba, domin tsare-tsaren rukunin jini da aka gano sun haura 40. ABO da Rh su ne dai mafi haɗari. Shi ya sa ake gwajin dacewa: a haɗa ruwan jinin mara lafiya da ƙwayoyin ledar a ɗakin gwaji a ga ko za su dunƙule. Yakan ɗauki kusan awa guda. Ga wanda ake yawan ƙara wa jini, kamar mai sikila, yakan fi haka, domin jikinsa ya haɗu da jinin mutane da yawa, ya ƙera garkuwa iri-iri. Idan ka ga ana jinkiri bayan ka kawo jini, yawanci wannan ake yi, kuma roƙon a tsallake shi cutar da mara lafiya ne.

'Yar'uwa, idan gwaji ya nuna ke negetif ce, ki riƙe wannan da kyau. Idan ɗan da ke cikinki fozitif ne, jininsa na iya shiga naki lokacin haihuwa, ɓari ko zubar jini, jikinki ya ƙera garkuwar da za ta yaƙi jinin jariri a ciki na gaba. Akwai allurar anti-D da ke hana haka. Ana yin ta wajen mako na 28 na ciki, a sake yi cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne. Ki faɗa musu rukuninki tun ranar awon farko.

Mataki na 4: Idan don wani naka za ka bayar

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sau da yawa ba jininka ne za a ƙara wa ɗan'uwanka ba. Ma'ajiyar jini za ta fitar da leda da aka riga aka gwada ta dace da shi, taka kuma ta maye gurbi. Don haka ko rukuninku bai zo ɗaya ba, ka tambaya ko suna musanya. Kada ka juya daga bakin ƙofa.

Wannan tsarin ma ya fi alheri, kuma ina so a ji dalilin domin ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. Jinin dangi na kusa, uba, uwa, ɗa, wa ko ƙani, yana da wani haɗari nasa. Fararen ƙwayoyin da ke cikinsa sun yi kama da na mara lafiya sosai, har jikinsa ya kasa gane baƙi ne ya kashe su, su kuwa su zauna su fara yaƙar jikinsa. Ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru da wuya a tsira. Inda ake da kayan aiki sai an haska irin wannan jinin da wani haske na musamman kafin a ƙara.

Hattara: miji kada ya nace sai jininsa za a ƙara wa matarsa idan tana cikin shekarun haihuwa. Jikinta na iya ƙera garkuwa a kan alamomin jininsa, 'ya'yan da za su haifa nan gaba kuma suna iya gadon waɗannan alamomin daga gare shi. Ya bayar a sa a ma'ajiya, a ba ta na wani. Ya taimake ta ke nan ba tare da ya jawo wa ciki na gaba matsala ba.

Sannan kada a matsa wa kowa a gaban dangi. Mutumin da ya san yana da dalilin da bai kamata ya bayar ba, amma 'yan'uwa sun zuba masa ido, shi ne wanda zai yi ƙarya a wajen tambayoyi. Wanda ya ce ba zai iya ba, a ƙyale shi ba tare da bin diddigi ba.

Mataki na 5: Shirin ranar

Ka yi barci isasshe. Ka ci abinci cikin awanni uku zuwa huɗu kafin ka je, amma ba mai maiƙo sosai ba, domin maiƙo yana gurɓata ruwan jini ya dagula gwaji. Ka sha ruwa kamar rabin lita dab da lokacin. Wannan kaɗai yana rage jiri sosai. Banda barasa. Ka sa riga mai hannun da ke naɗewa har sama da gwiwar hannu, ka riƙe katin shaida da sunayen magungunanka. Ka ware awa guda.

Mataki na 6: Teburin tambayoyi da ɗan gwaji

Za a ba ka takarda ka cike, sannan ma'aikaci ya zauna da kai a keɓe. Za a tambaye ka cututtuka, magunguna, tafiye-tafiye, da kuma harkar kwanciya: sabon abokin tarayya, tarayya da mutane da yawa, ciwon sanyi. Tambayoyin suna da nauyi, amma kowa ake yi wa, kuma amsarka sirri ce.

A ganina duk aikin babu matakin da ya kai wannan muhimmanci. Wani zai ce ai za su gwada jinin, me ya sa sai na faɗa? Ana gwada kowace leda don neman ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere. Amma akwai tazara tsakanin lokacin da cuta ta shiga jiki da lokacin da gwaji zai iya ganin ta, daga kwanaki zuwa makonni, wani lokaci har wata uku, gwargwadon irin gwajin da cibiyar ke da shi. A cikin wannan tazarar jini zai fito fes a takarda alhali yana ɗauke da cuta. Babu na'urar da ke rufe wannan giɓin, sai gaskiyarka. Ledar nan kuma tana iya zuwa jikin yaro ɗan shekara biyu.

Hattara: kada ka mayar da bayar da jini hanyar yin gwajin ƙanjamau kyauta. Idan kana da shakku a kan kanka, ka je wurin gwaji kai tsaye. Idan kana shan maganin kariya daga ƙanjamau, ka faɗa, domin yana iya ɓoye cutar daga gwaji.

Daga nan a auna nauyinka, bugun jini da zafin jiki, a soki ɗan yatsa a ɗauki ɗigo. Wasu cibiyoyin na sa shi a 'yar na'ura ta ba da lamba, wasu na ɗiga shi cikin wani shuɗin ruwa. Idan ya nutse da sauri jini ya isa, idan ya tsaya yana yawo bai isa ba. Mafi ƙarancin himogulobin shi ne 12 ga mace da 13 ga namiji, ƙasashe da yawa kuma sun ɗaga zuwa 12.5 da 13.5. Idan aka ce naka bai kai ba, ka nemi a faɗa maka lambar. Idan ta yi ƙasa sosai, musamman ga namiji ko macen da ta daina al'ada, likita ya kamata ya binciki dalili.

Mataki na 7: Ɗibar jinin

Za ka kishingiɗa. A ɗaure dantse don jijiya ta fito, a goge lanƙwasar hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bari ya bushe. Kada ka taɓa wurin bayan an goge. Ka duba da idonka: allura da bututu da leda haɗe suke zuwa a rufe, a gabanka ake buɗewa, sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Shi ya sa mai bayarwa ba ya ɗaukar cuta ta wannan hanyar. Ka kuma tabbatar lambar da aka manna a leda ita ce a takardarka da ƙananan kwalaben gwaji.

Allurar ta fi ta yau da kullum kauri, zafinta na daƙiƙa biyu ne. Ledar tana kan ma'auni mai jujjuya ta don jinin ya gauraya da maganin hana daskarewa da ke ciki. Minti 8 zuwa 12 ta cika. Kana matsa abin da aka ba ka a tafin hannu a hankali, kana kuma ɗaure tsokar cinya da ta ɗuwawu na daƙiƙa biyar kana saki. Wannan yana riƙe bugun jini kada ya faɗi.

Hattara: idan ka ji jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, ko zafi mai kama da jan lantarki yana sauka zuwa yatsu, ka faɗa nan take. Kada ka daure don a ce kai jarumi ne.

Mataki na 8: Bayan an cire allura

Danna audugar da ƙarfi minti biyu zuwa uku, hannu a miƙe. Kada ka lanƙwasa shi, yin haka ne ke sa jini ya kwanta ƙarƙashin fata. Ka zauna minti 10 zuwa 15, ka sha abin da aka ba ka, ka tashi a hankali. Filasta ta yi awanni kafin ka cire. Ranar nan banda ɗaukar kaya mai nauyi da motsa jiki mai tsanani, banda tsayuwa mai tsawo cikin zafi, banda barasa. Mai aikin hawa sama ko tuƙa babbar mota ya huta sai gobe. Idan jiri ya zo maka a hanya, ka kwanta ka ɗaga ƙafafu sama, ko ka zauna ka sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi.

Ruwan jinin da ka rasa yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyi cikin mako 4 zuwa 6, sinadarin ƙarfe ne ke ɗaukar watanni. Nama, hanta, kifi, wake da ganye suna taimakawa, shayi kuwa yana rage shigar ƙarfen idan aka sha shi tare da abinci. Ba ka bukatar wani "maganin ƙarin jini" mai tsada. Wanda ke bayarwa a kai a kai ya tambayi likita ko ya dace ya sha ƙwayar ƙarfe. Maganar cewa bayar da jini yana rage ƙarfin namiji ko yana hana haihuwa ba ta da tushe.

Hattara: idan zazzaɓi, gudawa ko shawara suka kama ka cikin mako biyu bayan bayarwa, ko ka tuna wani abu da ba ka faɗa ba, ka kira cibiyar a janye ledar kafin ta kai ga wani.

Mataki na 9: Ina jinin ke zuwa, kuma kuɗin mene ne ake biya

Inda ake da na'urori, leda ɗaya kan rabu uku. Jajayen ƙwayoyi suna zama a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6 na kwana 35 zuwa 42. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna zama a digiri 20 zuwa 24 ana jijjiga su, kwana 5 zuwa 7 kacal. Filasma a daskarar da ita ta shekara ko fiye. Wannan gajeren wa'adin ne ya sa ma'ajiya ke neman jini kullum ko da jiya mutane sun cika ta.

Mai bayarwa ba ya biyan komai. Kuɗin da asibitoci a ƙasashe da yawa ke karɓa daga mara lafiya na leda ne da gwaje-gwaje da ajiya da gwajin dacewa, ko da danginsa ne suka kawo masu bayarwa. A biya a wurin biya na hukuma, a karɓi rasit.

Hattara: ka guji dillalan da ke kawo wanda zai sayar da jininsa. Mai sayarwa yana da dalilin ɓoye ciwonsa da ranar da ya bayar na ƙarshe, kuma an daɗe da tabbatar da cewa cututtukan da ke bin jini sun fi yawa a cikin irin wannan jinin fiye da na masu bayarwa don raɗin kansu.

Idan gwaji ya nuna wani abu a jininka, za a kira ka a keɓe a sake gwadawa, domin gwajin farko yakan yi kuskure. Ka amsa kiran.

Mataki na 10: Idan kai ne ke jinya ranar ƙarin jini

Yawancin haɗuran ƙara jinin da bai dace ba daga rubutu da ruɗewar suna suke tasowa: an manna takarda a kwalbar wani, ko an kai leda gadon da ba shi ba. Don haka kafin a rataye leda, ma'aikaci zai karanta cikakken sunan mara lafiya, lambar asibitinsa, rukunin jini da ranar ƙarewar wa'adi, ya gwama da takarda. Ka saurara, kuma idan akwai wani mai irin sunan a ɗakin ka faɗa. Idan an ba ka leda ka ɗauko, a cikin akwatin sanyi ake ɗaukar ta. Kada ka sa ta a rana ko cikin ruwan zafi don ta yi ɗumi. Ana so a fara ƙarawa cikin minti 30 da fitowarta daga sanyi, a gama cikin awa 4.

Minti 15 na farko su ne na sa ido, a hankali ake sakin jinin. Rawar ɗari, zazzaɓi, ciwon baya ko ƙirji, ƙaiƙayi da kumburi, numfashi da ƙyar, fitsari ja ko baƙi-baƙi, ko mara lafiya ya ce shi dai yana jin wani abu ba daidai ba: ka kira ma'aikaci nan take a tsayar. Kada ka taɓa maɓallin bututun da kanka don ya yi sauri, kuma kada a jefar da ledar idan an tsayar, domin ɗakin gwaji zai bukace ta don gano abin da ya faru.